Wane Mai Ya Dace da Famfon Zuƙe Iska na Injin Juya Katako?

'Yar kwalbar man da ke zuwa cikin kwalin sabon famfo ba ta wuce zubi ɗaya, in an yi sa'a da ɗan saura. Tawa ta ƙare tun da jimawa, amma ban damu ba sai a watan Agusta, tsakiyar damina, ranar da na leƙa 'yar tagar gilashin da ke jikin famfon na ga man ya koma kamar kunun gyaɗa. Na tura yaron shagona Sabon Gari wajen masu kayan firji da AC. Ya dawo hannu Rabbana, sai dai shawarwari har huɗu. Wani ya ce a zuba baƙin man mota. Wani ya ce haidirolik. Wani ya ce ai da man kwamfuresar firji duk ɗaya ne. Na huɗun ya ce a jira mako mai zuwa, kaya na hanya daga Legas.

Ga wanda bai san aikin ba: idan ka gama juya akushi ko faranti a kan inji, saura gindinsa, wato wurin da aka kama shi da farko. Don a gyara gindin ba tare da an huda kwanon ba, sai a kifa shi a bakin wani bututu mai zagayen roba, famfo ya zuƙe iskar da ke tsakani, iskar waje ta danne shi. Iskar da muke yawo a cikinta tana danna kowace santimita murabba'i da nauyin kusan kilo 1. Bututu mai faɗin santimita 10, idan allurar gejin auna ƙarfin zuƙa, wanda lambobinsa ke ƙarewa a 30, ta tsaya a kan 20, yana riƙe kwano da ƙarfin da ya haura kilo 50. Aiki na biyu da wasu ke yi da famfon shi ne shayar da katako mai rauni ruwan rezin, wani irin danƙo da ke daskarewa in an gasa shi. Ana nutsa busasshen katako a rufaffiyar tukunya, a zuƙe iskar da ke cikin ƙofofinsa, rezin ya shiga ya maye gurbi, sannan a gasa. Da haka ake samun ƙotar wuƙa ko 'ya'yan carbi daga katakon da a da sai dai murhu.

Waɗannan ayyuka biyu ba su buƙatar abu ɗaya daga famfo, kuma a nan ne zaɓin mai yake rabuwa.

Kafin a je kasuwa

Duba famfonka tukuna. Ba kowane ne ke shan mai ba. Akwai busassu masu fuka-fukan gawayi, irin wasu na kamfanin Gast da ake samu a cikin kayan gwanjo, akwai kuma masu faifan roba da ke bugawa kamar zuciya. Waɗannan idan ka ɗiga musu mai, ƙurar gawayin ta haɗu da shi ta zama kwaɓaɓɓen abu, fuka-fukan su maƙale. Akwai kuma wasu ƙanana masu 'yar kwalbar mai da lagwani a gefe, waɗanda man ke bi ta ciki sau ɗaya ya fice. Littafin wasu daga cikinsu da kansa yana cewa a sa man mota mara kauri, SAE 10. In irin wannan ne naka, bi littafinka, abin da zan faɗa a ƙasa game da man mota bai shafe ka ba.

Wanda nake magana a kai shi ne wanda yawancinmu ke da shi: famfon masu gyaran firji da AC, wanda suke kira bakum, mai tankin mai da tagar gilashi, irin su Value da Robinair. A cikinsa akwai dunƙulen ƙarfe da ke juyawa a karkace, da 'yan fuka-fukai masu zamewa suna shafar bango suna kwashe iska. Tsakanin fuka-fukan da bango akwai 'yar tazarar da ido ba ya gani, mai ne ke toshe ta. Mutane na ɗauka man don santsi kawai yake, kamar a cikin injin babur. Santsin yana ciki, sanyaya ƙarfe ma yana ciki, amma babban aikinsa shi ne toshiya. Shi ya sa man da ya yi wa injin mota daidai zai iya kasa a nan.

Lambar da ke jikin galan

Kafin sunan kamfani, nemi lamba. Za ka ga an rubuta ISO VG, sai 32, 46, 68 ko 100. Wannan kaurin man ne idan an auna shi a zafin digiri 40, wato irin zafin da muke sha a inuwa cikin watan Afrilu a Kano. Ƙananan famfunan AC yawanci 46 ko 68 suke sha. Manya na masana'anta, irin na Busch da ake gani a jikin injinan rufe kayan abinci, su kan sha 100. In kana kwatantawa da lambar man mota, 68 ya yi kusa da SAE 20, 100 kuma ya yi kusa da SAE 30.

In littafin famfonka yana nan, lambar da ya faɗa ita ce magana. In ya ɓata, ko dama na hannu ka saya, ni 68 nake zaɓa a garin nan. Famfon da ke aiki awa guda a shagon kwano cikin bazara yana ɗaukar zafin da tafin hannu ba ya iya daɗewa a kai, kuma mai yana tsinkewa ne da zafi. Mai lamba 32 a irin wannan yanayi zai koma kamar ruwa, toshiyar ta yi rauni, hayaƙi ya ƙaru. Mai lamba 100 kuma a ƙaramin famfo, da sanyin safiyar hunturu, sai ka ji motar lantarkin famfon tana gurnani ta kasa tashi, musamman in wutar ba ta da ƙarfi ko a kan ƙaramin janareta kake.

Man bakum na ainihi

Shi ma daga ɗanyen man fetur aka fitar da shi, amma an tace shi ta yadda aka cire sassan da ke saurin zama tururi. Dalili kuwa, a wurin da babu iska, ruwa-ruwa yana tafasa tun bai yi zafi ba. In man da kansa yana fitar da tururi a ɓangaren da ake zuƙa, to famfon zai yi ta kwasar tururin mansa maimakon iskar tukunyarka. Ba a kuma zuba masa sinadarin wanki irin na man mota, mai riƙe datti a cikin mai, don haka ruwa yana rabuwa da shi, datti yana kwanciya a ƙasan tanki.

Aibinsa biyu. Yana da tsada in aka kwatanta da sauran, kuma ba kullum ake samunsa ba. Ga kuma jabu, don kwalba mai kyan rubutu ba ta nuna abin da ke ciki. Na kirki fari ne tas ko ruwan zuma mai haske, ba shi da wani wari sosai, murfinsa a like. In ka ji ƙamshin baƙin mai ko na gas, mayar wa mai shi.

Akwai kuma na haɗi, wanda ba daga ɗanyen mai kai tsaye ba, ya fi jure zafi, ya fi daɗewa bai lalace ba, ya kuma fi tsada. A ɗakin binciken jami'a yana da amfani. A shagon katako kuwa asarar kuɗi ce a ganina, don ba tsufa ke kashe mana mai ba, ƙura da laima ne, kuma su ba ruwansu da nawa ka saya.

Baƙin man mota

Shi ne kowa ke fara miƙo maka, don yana ko'ina, daga Ƙofar Ruwa har teburin mai sayar da fetur a galan a bakin titi. Shi ne kuma na fi hana mutane.

An ƙera man mota ne da sinadaran da ke ɗauke baƙin hayaƙi da laima su riƙe su a cikin man, suna yawo da su har su isa filta, ko har ranar juye. A mota wannan alheri ne. Ƙaramin famfon bakum kuwa ba shi da filtar mai, don haka duk abin da man ya riƙe zai yi ta zagaye da shi tsakanin fuka-fukai da bango. Ruwa ba zai rabu ya kwanta ba, zai dame da man. Ga kumfa. Ga kauri: 20W-50 da SAE 40 da muka saba da su, a ma'aunin digiri 40 suna kaiwa wajen 150, ninki biyu ke nan na abin da famfon ke so.

Wani mai gyaran AC da muke mutunci da shi ya ce min, "Malam, ni shekara nawa ina zuba wa nawa baƙin mai, ga shi nan yana aiki." Na ce, "Oga, ban musa ba yana juyawa. Ka taɓa ɗaura masa gejin micron, mai auna 'yar iskar da ta rage?" Sai ya yi dariya. Famfo ba ya mutuwa nan take don an ba shi man mota, gaskiya ne. Ƙarfin zuƙarsa ne ke raguwa a hankali, wata rana kuma ka buɗe tankin ka tarar da baƙin laka a ƙasa.

Haidirolik da man kwamfuresar iska

A rashin uwa akan yi uwar ɗaki, kuma waɗannan biyun su ne uwar ɗakin. Man haidirolik irin na tifa da katafila da injinan roba na Sharaɗa yana zuwa da lambobin nan dai, 32, 46, 68. Shell Tellus 68 da Mobil DTE 26 duk 68 ne. Yawancinsa ba shi da sinadarin wanki, an ma yi shi ne don ya riƙa rabuwa da ruwa. Abin da ya bambanta shi da man bakum shi ne ba a tsananta tace shi daga sassa masu tururi ba, kuma akwai sinadarin hana cin ƙarfe a ciki, wanda famfonmu ba ya buƙata. Sakamakon haka ya fi hayaƙi da wari, kuma ba zai kai ka can ƙarshen zuƙa ba.

To amma mai kama akushi yana buƙatar can ƙarshen ne? Masu AC suna auna aikinsu da micron. Iskar duniya a bakin teku micron 760,000 ce, su kuma suna son su sauko zuwa 500. Mai juya katako da allurarsa ke kan 20 yana sama da 200,000. Tsakaninsa da mai AC akwai tafiyar kwana da kwanaki. Sau da yawa ma da gangan muke buɗe bawul mu rage zuƙar, don kwano mai siririn jiki yana iya fashewa in aka matsa masa. A irin wannan aiki, bambancin man bakum da haidirolik mai tsabta allurar gejinka ba za ta nuna shi ba. Abin da kama kwano ya fi so shi ne famfo mai kwasar iska da yawa, don katako yoyo yake yi. Maɗaci musamman, ƙofofinsa a buɗe suke, ka ɗora tafin hannu a bayan kwanon ka ji yana tsotsa. Ƙirya da kanya sun fi shi matsewa.

Man kwamfuresar iska mai lamba 68, wanda aka rubuta wa ND ko non-detergent, wato mara sinadarin wanki, shi ma haka. Ina nufin na cikin galan mai like, ba abin da ke cikin injin mai faci ba, don da yawansu baƙin mai suke zubawa.

Haɗarin waɗannan biyun ba a cikin man yake ba, a wajen saye yake. Ana yawan sayar da su awo-awo daga buɗaɗɗen duro, da mazurarin da aka gama zuba man giya da shi. Akwai gwajin da nake yi, ba ya cin komai. Zuba ɗan man a kwalbar gilashi, ƙara ruwa kwatankwacinsa, girgiza sosai, ajiye. Man da ya dace zai taso sama ya bar ruwa a ƙasa ba da jimawa ba. In an gauraya shi da man mota, zai daɗe yana fari-fari kamar nono.

Man kwamfuresar firji

A nan ne aka fi ruɗewa, don shago ɗaya ke sayar da su, kwalaben ma sun yi kama. Iri biyu ne. Akwai tsohon yayi, irin su Suniso 3GS da 4GS, na ɗanyen mai ne, ba sinadarin wanki. 3GS kaurinsa wajen 32 ne, ya yi tsinkewa da yawa wa zafin Kano, 4GS ya fi shi kauri. In ka matsu, 4GS zai fitar da kai kunya na ɗan lokaci. Sai na zamani, POE da PAG, waɗanda ake haɗawa da gas ɗin R134a a firji da AC na mota. Su waɗannan tsotsar laima suke yi daga iska kamar gishiri da damina. A cikin firji a rufe suke ruf, ba matsala. Famfon bakum kuwa kullum iskar waje ke ratsa shi. Kar ka kusance su.

Wanda ya mayar da tsohuwar kwamfuresar firji famfo, kamar yadda ake yi a unguwanni, shi man firjin ne nasa, ya riƙa ƙara mata kaɗan-kaɗan don tana tofar da shi. Sai dai iskar da take kwasa kaɗan ce, ba na amincewa da ita wajen riƙe babban kwano.

Sauran ba sai an daɗe a kansu ba. Jan man giyar mota mai atomatik cike yake da sinadarai, kuma tsinkakke ne. Man keken ɗinki ya fi shi tsinkewa. Man birki yana shan ruwa, yana kuma lalata irin robobin da ke cikin famfo. Man gyaɗa zai yi danƙo ya daskarar da komai. Man taransifoma kaurinsa bai wuce 10 zuwa 12 ba, tsofaffinsa kuma na iya ƙunsar gubar PCB, wadda ba ka so ta zama hayaƙi a shagon da kake numfashi, ban da tambayar daga ina mai sayarwar ya samo shi.

Abin da na tsayar

In kana shayar da katako rezin, man bakum na ainihi kawai, ba ciniki. A nan kowane ɗigon iska da ya rage a cikin katako wuri ne da rezin ba zai shiga ba. Kuma ka shirya yawan juye, don tururin rezin da laimar katako suna gurɓata man da wuri. Katakon ma sai ya bushe ƙayau kafin ya shiga tukunya, wanda aka ɗauko jiya daga 'Yan Katako a Na'ibawa bai isa ba.

In kama kwano kaɗai kake yi, man bakum ya fi, ko don ƙarancin hayaƙi. Amma haidirolik 68 mai tsabta da kake canzawa a kai a kai ya fi man bakum mai tsada da ka bari ya shekara don kana jin ciwon kuɗinsa. Ni a wancan Agustan haidirolik na zuba, na yi makonni ina aiki da shi har kayan Legas suka iso, ban ga kwano ya motsa ba. Abin da na gani shi ne hazo a shago.

Hazon nan ya cancanci magana. Famfon AC an yi shi ne ya zuƙe rufaffen wuri ya huta. Mu kuwa muna sa shi ya yi ta jan iska ta jikin katako, iskar nan kuma tana fita da ƙananan ɗigon mai. Yawan yoyo, yawan hazo. Yana sauka a huhu, yana sauka a kan katakon da ba a shafa wa komai ba ya bar tabo, kuma akushi abin cin tuwo ne. Ɗaura tiyo mai faɗi a bakin fitar iska ka kai shi waje, kar ka matse shi, kar ka toshe. Ka kuma sa tiyon ya gangara, don man da ya taru kar ya komo.

Ta ɓangaren shiga kuma, sa filta tsakanin injin da famfo. Filtar fetur ta mota, mai farar roba da ake ganin ciki, ta wadatar. Ƙurar samfefa da ta hunturu in suka shiga mai sai su zama abin gurza ƙarfe, kuma babu irin man da zai hana.

Wani abu da ya shafe mu musamman: ɗaukewar wuta. In wuta ta tafi famfo na tsaka da zuƙa, kwano zai saki, shi ya sa ake barin tsinin baya na injin yana tokare da shi har sai an zo ɗan cibiyar ƙarshe. Famfon da ba shi da bawul ɗin hana komowa kuma, man zai iya tsotsowa baya ya cika tiyo. Ko da kanka za ka kashe, fara buɗe bawul iska ta shiga.

Juyen kansa ba wuya. Toshe bakin shiga, bar famfon ya yi aiki minti 10 zuwa 15 man ya yi ɗumi, kashe, kwance notin ƙasa, karkata shi ya tsiyaye. Zuba sabo kaɗan, kunna na 'yan daƙiƙoƙi, sake zubarwa, musamman in kana sauya irin mai, don ba a son gauraye. Kar ka wanke da fetur ko kananzir. Sannan cika zuwa layin tsakiyar gilashi, ka sake dubawa yana aiki. In ya wuce layi zai yi ta tofi, in bai kai ba zuƙa za ta ragu. Yawancin ƙananan nan ba su shan rabin lita. In naka yana da ɗan murfin da aka rubuta wa Gas Ballast, buɗe shi kaɗan na wasu mintoci bayan aiki da ɗanyen katako, yana taimakawa wajen korar laima kafin ta zauna. Tsohon man kuma a tara a galan a kai wa bakanike, ba a kwata ba.

Da ka zuba sabo, ɗaura geji kai tsaye a bakin famfo ka ga inda allura ta tsaya. Kar ka jira ta kai 30. Kano tana sama da teku da kusan mita 480, iskarmu ta fi ta Legas sauƙi, don haka iyakar allura a nan 28 ne da ɗan ɗori, ko da wane irin mai ka zuba. Na san wanda ya yi juye sau biyu a rana ɗaya yana neman 29 da rabi da ya gani a bidiyon wani Bature. Ɗauki maka ka ja layi a kan gilashin gejin daidai inda ta tsaya. Duk ranar da ka toshe bakin famfo ka ga ta kasa kai wannan layin, ko man ya fara fari, ko ya yi duhu, a yi juye.